Ina da Stratocaster, wace jita zan ƙara?

Ɗan'uwa, ka ce Stratocaster, jitar lantarki ta kamfanin Fender, kake kaɗawa, kana son jita ta biyu da za ta ba ka wani sauti daban. To, kada launi ko siffa su ruɗe ka. Fara duba fikof, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya.

Taka tana da guda uku masu naɗin waya ɗaya, shi ya sa muryarta siririya ce, garau, irin wadda makaɗan Agadez ke so. Matsalarta ƙugi. Ka ƙara wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ƙarfi a inda wayoyin wuta ba su da kyau, za ka ji zzz tun kafin ka taɓa tsirkiya.

Ni dai jitar Les Paul zan ce maka. Tun 1957 kamfanin Gibson ya fara sa mata fikof mai naɗi biyu, wanda ke kashe ƙugin nan, ya kuma ba da sauti mai kauri da ke daɗewa bai mutu ba. Tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, taka kuwa 25.5, don haka ta fi laushi a yatsa idan kana lanƙwasa ta. Amma fa tana da nauyi, kafaɗa za ta gaya maka idan ka yi tsayuwar biki.

Telecaster jita ce mai kyau, sai dai 'yar gida ɗaya ce da taka, bambancin ba zai kai kuɗinka ba.

In aljihu bai kai Gibson ba, nemi Les Paul ta Epiphone, reshen Gibson mai rahusa. Ka je da amfilifayarka ka gwada kafin ka biya.