Amsa: madogarar muƙala kan sabon wasan opera

Malam, ka tambaya daga wajen Ringim ko sanarwar gidan wasa da hotunan Facebook sun isa a kafa muƙala a Wikipedia ta Hausa kan wani sabon opera, wasan nan da ake rerawa da waƙa da kiɗa, wanda ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600. A gaskiya ba su isa ba.

Sanarwar za ta iya tabbatar da ranar da aka fara nuna wasan, da sunan wanda ya tsara kiɗan, da na wanda ya rubuta baitocin, amma ba za ta nuna cewa wasan ya cancanci shafinsa ba, domin mai kaya ba ya kushe kayansa. Abin da ake nema shi ne sharhi mai tsawo daga jaridu ko mujallu fiye da ɗaya, waɗanda ke da editoci kuma ba su da hannu a shirya wasan. Idan mai sharhi ya yaba, ka rubuta cewa shi ne ya yaba, kada ka mayar da ra'ayinsa maganar Wikipedia, kuma kada ka kwafo baitocin saboda haƙƙin mallaka.

Tunda intanet kan ɗauke a ƙauye, duk shafin da ka buɗe ka rubuta sunan marubuci, da jaridar, da kwanan wata a littafinka tun kafin ka rufe shi. Idan sharhin bai fito ba tukuna, ka saka bayanin a shafin wanda ya tsara kiɗan.