Ga ɗan'uwan da ke neman hanyar burji ta hawa keke a kusa da Kano

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka, inda ka ce ɗan adaidaita sahu ya goge ka a titi, yanzu kana neman hanyar ƙauye mai shiru da inuwa inda za ka tuka kekenka ba fargaba, wallahi sai da gabana ya faɗi. Abin da ka ji ranar na san shi sarai. Allah Ya ƙara kiyayewa, Ya sa kaffara ne.

Ni tifa ce ta raba ni da kwalta. Da safe ne, na fito titin Zariya na doshi gadar Tamburawa, ina can gefe, har tayata na taɓa ƙasa. Na ji ƙarar mota a bayana ban juya ba, don na san na ba ta hanya. Sai kawai na ji iska ta ɗebe ni. Tifar yashi ce ta matse ni don ta wuce wata bas, gefen bodinta ya taɓa kan keken, na yi sama na dawo a kan kafaɗa. Kuma mutumin nan ya gan ni. Na rantse ya gan ni, don yaron motarsa ya leƙo ta taga, muka haɗa ido, har ya ɗaga mini hannu kamar ni ne mai laifi. Ko birki bai taka ba. Ina kwance yashin da ke zuba daga bayan motar yana shigar mini ido, ƙashin wuyana ya karye, gaban keken ya lanƙwashe kamar faifai. Wasu masu sayar da rake ne suka ɗauke ni, wani dattijo ya cire rawaninsa ya ɗaure mini hannu. Wata biyu ban iya ɗaga hannu na yi kabbara daidai ba. Har yau in na ji ƙarar tifa jikina rawa yake. Na sha cewa na yafe masa, amma in na tuna ɗaga hannun yaron nan sai zuciyata ta sake tashi. Me na yi musu? Mai keke ba mutum ba ne?

To, ka tafi Kura. Kilomita wajen 30 ne daga gari. Kada ka tuka can, ka sa keken a bayan mota, ka sauka, sannan ka hau. Gonakin noman rani da ruwan dam ɗin Tiga ke ciyarwa, tun daga Kura zuwa Kadawa, Garun Malam da Bunkure, duk magudanan ruwa ne suka ratsa su, kuma kusan kowace babbar magudana da hanyar burji a gefenta. Shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, kuma ba ka ɓata, don in ka rikice ruwan za ka bi ya fitar da kai. Abin da za ka haɗu da shi babur ne, da amalanken shanu, da jaki. Ranar da na fara komawa kan keke a can, ina jin kukan balbela da ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya, sai da na yi ƙwalla. Sai dai lokacin tumatir ka nisanci wajen Kwanar Gafan, manyan motoci sun yi yawa.

Kada zafi ya sa ka shiga ruwan magudanar nan ka yi wanka, komai kyansa a ido. Tsargiya ake ɗauka. Ka riƙe ruwan shanka, gora biyu aƙalla.

Batun taya kuwa, a nan ne mutane ke shan wahala. Siririyar tayar kwalta ba za ta kai ka ko'ina ba. Ka sa mai faɗi mai kaushi, ka ɗan rage mata iska, don in ta yi tauri gargada za ta jijjiga ka har haƙoranka su yi ciwo. Babban abokin gabarka tsidau ne da ƙayar bagaruwa. Da zarar ka kauce daga sawun babura ka hau ciyawar gefe, ka shirya faci. Na taɓa yin faci huɗu a wuni ɗaya har gam ya ƙare, na tura keken da ƙafa zuwa wani ƙauye. Tub biyu, famfo, gam da roba, kada su bar jakarka. Masu faci na ƙauye akwai su kuma suna da kirki, amma sau da yawa ba su da girman tub ɗinka.

Ka ce kana son daji. Na san Falgore kake nufi, kowa ita yake fara ambata. Don Allah ka haƙura. Dajin yana da kyau, amma ba wurin da mutum zai kutsa shi kaɗai da keke ba ne, ka san tarihin ɓarayin shanu da masu tare hanya a wajen, ga shi sojoji na atisaye a ciki. In itatuwa da duwatsu kake so, ka gwada ɓangaren Rano zuwa Rurum, kusa da Tiga ɗin. Akwai ɗorawa da tsamiya da kuka a cikin gonaki, da hawa da zai sa ka san amfanin giyar keke. Shi ma ku je ku biyu ko uku, kuma ka tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki a ranar, kada ka dogara da maganata ta bara.

Lokaci mafi daɗi daga Oktoba ne zuwa Disamba, ƙasa ta bushe, ƙurar hunturu ba ta yi tsanani ba. Da damina taɓon gefen gonakin shinkafa zai cika maka birki har taya ta ƙi juyawa. A bazara kuma in ba ka fita bayan asuba ka dawo kafin ƙarfe 10 ba, rana za ta dafa ka.

Sannan ka yi sallama. Duk majalisar da ka wuce ka rage gudu ka gaisa, in dattawa ne ka sauka. Ka sa dogon wando a kan matsattsen nan na 'yan tsere. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar matan mutane hoto a bakin ruwa. In ka doshi ruga ka sauka tun daga nesa saboda karnuka, ka bari garke ya wuce. Ni a irin haka na samu wani Bafulatani da har yau in na bi ta wajensu sai ya sa an dama mini fura.

Ka fara gyara kafaɗar ko gwiwar da ka bugu tukuna, ka je a ɗauki hotonta, ni jinkirin da na yi ne ya sa ƙashina ya haɗe a karkace. In ka warware ka yi mini magana a nan, ranar wata Asabar mu haɗu a Kura in nuna maka mashigar.