Amsa ga ɗan'uwa mai sabon tankin murjani: sifili uku ba alamar nuna ba ce

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa wannan harka. Na karanta tambayarka sau biyu. Ka ce tankinka na kiwon kifin teku da murjani mai rai na lita 200 ne, ka jera dutsen haɗi mai ruwan shunayya kilo 20, irin wanda ake haɗawa a masana'anta, mai sayarwa ya ce maka rayayye ne, wai bayan kwana uku za ka iya zuba kifi. Yau kwana tara da cika ruwa, ka auna sinadaran da dattin kifi ke haifarwa a ruwa, amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret sifili, kana tambaya ko tanki ya nuna, wato ko bakteriyar da ke cinye dattin ta zauna har a iya sa kifi.

Bai nuna ba. Don Allah kada ka sa ko kifi ɗaya tukuna. Sifili ukun nan da kake gani ba wai ƙwayoyin bakteriya sun cinye dattin ba ne, dattin ne ba a taɓa zubawa ba. Kamar ka shiga sabon gida da ba a taɓa girki a ciki ba, ka ce matar gidan ta iya wanke-wanke.

Ni ma haka aka yi mini a 2019, da tankina na farko a nan Abuja. Na yarda da maganar mai shago, na sa kifayen kilon guda biyu, 'yan ƙananan nan masu ruwan lemo da fararen ɗamara. Kwana huɗu suna cin abinci lafiya. Ranar ta biyar da asuba na haska fitila, na tarar da ɗaya a kusurwar sama dab da bakin ruwa, marfin kunnensa yana bugawa da sauri, jikinsa ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka. Ɗayan yana kwance a gefe a kan yashi. Kafin azahar duka biyun sun tafi. Da na auna, amoniya ta haura 1 ppm, wato kashi ɗaya cikin miliyan na ruwan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin ba su yi laifin komai ba, kuma da na yi haƙurin sati uku da suna nan.

Ga abin da ya kamata ka sani game da dutsen. Dutse mai rai na asali shi ne wanda aka ɗebo daga teku, cike da bakteriya, soso, tsutsotsi da ƙananan halittu iri-iri. Wannan ya yi wuyar samu, musamman tun da Fiji ta hana fitar da shi a ƙarshen 2017. Shi ya sa kasuwa ta koma kan na haɗi, irin su CaribSea LifeRock da Real Reef. Ba na kushe su, da irinsu nake aiki yanzu, kuma suna da alheri babba: ba su zuwa da ƙaguwa mai cin kifi ko aiptasiya, wata 'yar halittar teku mai harbi da ke addabar murjani, kuma ba a fasa tekun kowa ba don a kawo maka su. Amma shunayyar da kake gani launi ne aka sa, ba koralin ba ce, wato gansakukar nan mai tauri da ke fitowa da kanta a jikin dutsen teku. Ko da an ce an shafa masa ƙwayoyin bakteriya masu barci, dutsen da ya yi watanni a kwali, ya sha zafin kwantena da na sito, ni ba na ɗora ran kifina a kan abin da aka rubuta a jikin kwalin. Ɗauke shi a matsayin gida ne babu mazauna.

Mazaunan kuwa kashi biyu ne. Kashi na farko suna mayar da amoniya naitirait, na biyu suna mayar da naitirait naitiret. Amoniya ita ce mai kisa, kuma a ruwan gishiri ta fi muni, saboda pH ɗinmu, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana tsakanin 8.0 da 8.3, a nan kuwa kason amoniyar mai dafi ya fi yawa. Waɗannan ƙwayoyin ba sa yawo a ruwa, manne suke a jikin dutse da yashi da soson tacewa, kuma ba sa hayayyafa sai da abinci da iska. Kai kuma ba ka ba su abinci ba.

Saboda haka ka nemi amoniyam kulorayid na tankin kifi, ka ɗiga har awo ya nuna 2 ppm. Lissafa da ainihin ruwan da ke ciki, domin bayan dutse da yashi lita 200 ɗinka ba za ta wuce 170 ba. Kada ka bar ta ta haura 5 ppm, yawanta yana jinkirta aikin maimakon ya hanzarta shi. In ba ka samu ba, ɗanyen jatan lande ɗaya a cikin ƙyallen raga zai yi, ka rataye shi kwana uku ko huɗu ka cire. Na yi hakan sau ɗaya. Yana aiki, sai dai ba ka da iko a kan adadin, ga wari, ga shi yana sakin fosfet, sinadarin da gansakuka ke ci, wanda sabon dutse ke shanyewa ya dawo maka da shi daga baya a matsayin gansakuka. Sannan ka zuba bakteriyar kwalba, irin su Fritz TurboStart 900 ko Dr. Tim's One and Only. Tambayi yadda aka ajiye ta, domin wasu sai a firij suke rayuwa, kwalbar da ta kwana a bayan mota cikin rana ruwa ne kawai. Kashe sikima, wato injin da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin da ke yawo a ruwa, na kwana biyu ko uku bayan ka zuba. Wanda ya fi kwalba duka shi ne ɗan guntun dutse ko soso daga tankin wani da ya shekara lafiya, a kawo shi jiƙe cikin ruwansa.

Daga nan sai awo, kwana bibbiyu, kana rubutawa a littafi. A tankina na biyu amoniya ta fara sauka a rana ta shida, ta kai sifili a ta goma sha ɗaya. Naitirait kuwa ta hau ta zauna, launin kwalbar awo ya yi duhu har ya wuce abin da ke kan katin, ta ƙi motsi sai rana ta ashirin da uku, na tashi na ga ta faɗi kusan lokaci ɗaya. Wannan zaman na naitirait shi ke sa mutane su fara taɓe-taɓe, su canza ruwa, su ƙara magani. Bar shi kawai. Kuma kada ka ɓata sinadarin awon naitiret a wannan lokacin, muddin akwai naitirait a ruwa zai ba ka adadi mai tsoratarwa wanda ba gaskiya ba ne. In kana son sanin abin da za ka tarar a ƙarshe, kowace 1 ppm ta amoniya tana zama kusan 3.6 ppm ta naitiret.

Jarrabawar ƙarshe ita ce amsar tambayarka. Idan duka biyun sun sauka sifili, sake ɗiga amoniya zuwa 2 ppm. In bayan awa 24 amoniya ta ɓace, naitirait ma ta bi ta ko ta kusa, ga naitiret tana nunawa, to tanki ya nuna. Da bakteriyar kwalba mai rai abin yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku, babu ita kuwa sati huɗu zuwa shida. Wasu kayan awo masu araha suna nuna 0.25 ko da babu komai; gwada su a sabon ruwan gishirin da ka haɗa a bokiti, in launi ɗaya ne to wannan shi ne sifilinka.

Yanzu ga abin da Turawan da muke kallo a YouTube ba sa fama da shi, wato wuta. Bakteriyar nan iska take shaƙa. In aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, ruwan da ke cikin ramukan dutse da na tacewa iskarsa takan ƙare, musamman da zafi. Akwai lokacin da taransifomar unguwarmu ta lalace kusan kwana biyu ina tsakiyar wannan aiki, bayan an gyara na ga naitirait ta koma sama, sai da na ƙara kwana goma. Kafin ka sayi kifi ko murjani, sayi inbata ko ɗan famfon iska mai batir. Famfon motsa ruwa guda ɗaya kawai ka ɗora a kai, ba ya cin wuta sosai. Zafin ruwa kuma ka riƙe shi a digiri 25 zuwa 26. A watan Maris da Afrilu ɗaki yakan kai ruwan 30 ko fiye. Bakteriya ba ta damu ba, amma murjani ba zai ɗauka ba, don haka tun yanzu ka fara tunanin fanka a saman ruwa ko injin sanyaya shi.

Ba ka faɗi ruwan da ka yi amfani da shi ba. In na rijiyar burtsatse ne ko fiya wata, gara ka sake tun babu rai a ciki. Ruwan RO/DI ake so, wato wanda na'urar tacewa ta cire masa duk sinadarai, wanda mitar TDS mai auna abin da ya narke a ruwa ta nuna sifili. Gishiri kusan giram 38 zuwa 40 a lita, har rifiraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, ta nuna 1.025 ko 1.026. Da hunturu ruwa yana tsotsewa da sauri, gishiri kuwa ba ya tashi da tururi, saboda haka ruwan RO zalla za ka riƙa cikawa da shi, ba na gishiri ba. Ka duba alkaliniti ma, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, wanda ake aunawa da dKH, domin aikin bakteriyar yana cinye shi. In ya sauka ƙasa da 7 dKH ka gyara. In kuma dutsen naka irin na gida ne da aka yi da farin siminti, wannan wata magana ce daban, sai ya jiƙu a wani baho makonni ana canza ruwa har pH ya daina tashi.

Fitila a kashe har ka gama. Bayan ka ci jarrabawa, canza kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan, ka sa kifi biyu ƙanana, ka jira sati biyu ko uku kafin ƙari. Kuma ka shirya ganin muni. Wata safiya za ka tarar da yashi da gilashi sun yi ja-ja kamar ƙurar hunturu a kan mota. Diyatom ne, wata ƙaramar gansakuka, sinadarin silika yake ci, in ta ƙare yakan wuce da kansa, 'yan katantanwa kuma su taimaka. Bayansa koriyar gansakuka mai gashi na iya biyowa. Tankin dutsen haɗi ya fi daɗewa a wannan hali, domin babu ƙananan halittun da za su yi takara da su. Kuskuren da na ga ya fi yawa shi ne mutum ya tsorata ya share naitiret da fosfet har sifili, sai dainofilajilet ta shigo, wata ƙaramar halitta mai yauƙi da kumfa kamar majina, ita kuwa fitar da ita aiki ne na watanni. Bar naitiret wajen 5 zuwa 10, fosfet kuma kaɗan amma ba sifili ba. Murjani masu laushi irin su zowa da mashirum za su iya shiga bayan wata biyu ko uku. Akirofora da 'yan'uwanta masu ƙashi ni ban sa su ba sai da tankin ya kusa shekara, lokacin da na fara ganin ɗigo-ɗigon koralin na gaskiya, masu ruwan hoda, sun fito a jikin famfo da gilashin baya.

Ka ɗiga amoniyar yau, ka turo mana awon rana ta uku da ta bakwai, tare da zafin ruwa da gishirinsa. In kana kusa da Abuja ka yi mini magana, ina da guntayen dutse da suka shekara uku a tankin tacewa da ke ƙarƙashin babban tankina, zan ba ka biyu a roba da ruwansu. Allah Ya sa albarka.