Amsa: Yadda kumbo mai ɗaukar mutane ke tafiya ya dawo

Malam, ka tambayi yadda kumbo ke kai mutane sararin samaniya ya dawo, har a sake hawansa. Bari mu ɗauki Space Shuttle na Amurka, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011.

A tsaye yake tashi, manne da ƙaton tankin mai da rokoki biyu. Bayan kamar minti biyu rokokin su rabu da shi, su sauko cikin teku da laima, a tsamo su a gyara. Tankin kam ƙonewa yake yi. Cikin minti takwas da rabi kumbon ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a awa, gudun da ke sa shi ta kewaya duniya ba ya faɗowa.

Dawowar ce mai wuya. Sai ya juya baya ya kunna inji ya rage gudu, sannan ya kutso cikin iska. Matsewa da gugar iska kan sa ƙasan jikinsa ya yi ja zur, shi ya sa aka lulluɓe shi da dubban tayal masu jure zafi. Lalacewar kariyar zafi a gefen fiffike ce ta hallaka ɗaya daga cikin kumbunan, mai suna Columbia, a 2003. Bayan ya ratso iska, sai kumbon ya sulalo ba inji, ya sauka a kan titin jirgi. Dama ɗaya gare shi, babu sake zagayowa.