Amsa ga ƙanwata mai neman shiga harkar ɗaukar ma'aikatan lafiya

Salamu alaikum ƙanwata. Kin ce kin gama digiri a ABU, wani asibitin kuɗi a Sabon Gari ya ba ki aikin ɗaukar ma'aikata, kina tambaya ta ina za ki fara, kuma ko mace za ta iya.

Za ki iya mana. Amma fara da lasisi. Duk likitan da ya zo, ki tabbatar da rajistarsa a MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Nas ko ungozoma kuma a NMCN, hukumar rajistar nas da ungozoma. Kada ki yarda da hoton takarda a WhatsApp kawai, ki ga ta asali. Na taɓa ɗaukar wata saboda an ce 'yar gidan wane ce, daga baya lasisinta ya zama matsala, ni aka tuhuma. Nan Zariya kowa ɗan'uwan kowa ne, za a yi ta miki waya ana "ki taimaka wa yarinyar nan". Ki amsa da ladabi, ki ce ta kawo takardunta kamar kowa.

Ki saba da masu koyar da nas a Tudun Wada da ma'aikatan asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, su suka san wanda ya iya aiki. Wajen ganawa kuma ki yi maganar aikin dare ƙarara, musamman da matan aure. Da yawa kan wannan suke ajiye aiki bayan wata biyu.

In kin samu hali ki yi jarrabawar CIPM, cibiyar ƙwararru kan harkar kula da ma'aikata. Masu cewa ki samo musu nas zuwa Ingila kuwa, ki yi hattara: Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kada a riƙa farautar ma'aikatan lafiyarsu.

Allah ya ba da sa'a.