Kafinta ya ce in ɓoye tukunyar gas a cikin kabet

Tambaya: Salam injiniya. Muna gyaran gida kuma muna zaune a ciki da yara uku, an zo kan kicin. Kafinta ya ce a saka tukunyar gas cikin kabet ɗin ƙarƙashin kuka a rufe don kada ta ɓata kyan wajen, wai ko ta yi yoyo ai akwai taga a sama zai fita. Hankalina ya ƙi kwanciya. Sannan saman kanta, granayit ko mabul?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba, kada ki yarda.

Bari in fara sallamar ta kanta don ba ta da tsawo. Granayit ya fi jure zafin tukunya da kaifin wuƙa, sai dai yana shan mai in ba a shafa masa sila, wato maganin da ke toshe ƙananan kafofin dutse, ba. Mabul kuwa ruwan lemon tsami kaɗai sai ya ci masa fuska. Ko wanne kika ɗauka a yanka shi a waje da ruwa, ba a tsakar falo ba, ƙurar silika da ke fita daga dutse in ana yanka shi huhu take lalatawa, shi ya sa Ostareliya ta haramta dutsen kanta na haɗi, wanda ake haɗawa a masana'anta, tun 1 ga Yulin 2024. Ki sa a rufe ƙofar kicin da leda mai kauri a manne da salatif har a gama.

To yanzu maganar tagar nan. Wallahi na gaji da jin ta, kusan duk aikin da na je sai wani ya faɗa min ita yana murmushi kamar ya gano wani abu. Gas ɗin tukunya ba hayaƙi ba ne, ba ya tashi sama. Ya fi iska nauyi, cikin gas iri biyu da ake ɗurawa a tukunya, furofen kusan sau ɗaya da rabi, biyuten kusan ninki biyu, saboda haka in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya cika kabet ya malalo ta ƙasan murfi ya bi tayil, tagar tana can sama a buɗe ba ta san abin da ake ciki ba. Ke kina tsaye hancinki bai kai wajen ba, yaron da ke rarrafe shi ne a cikinsa. Kuma ba sai ya yi yawa ba, kamar kashi 2 cikin 100 na iskar wajen ya isa ya kama, tartsatsin makunnin fitila ko na firij in ya tashi ya wadatar.

Akwai gidan da na buɗe irin wannan kabet ɗin, tiyo ya lanƙwashe a bayan durowa ya tsattsage kamar busasshiyar fata, ga soket an kafa a ciki tazarar tafin hannu da regileta, mai aikin kuma yana tsaye yana ce min shekara nawa yana yin haka ba abin da ya faru. Shi dai ya karɓi kuɗinsa, hoto ya yi kyau.

A fitar da tukunyar waje, a yi mata keji a inuwa mai shan iska ta ƙasa, nesa da bakin kwata, a tsaye ba a kwance ba, a jawo bututun ƙarfe ko na jan ƙarfe zuwa kuka da makullin rufe gas inda hannunki zai kai. Mai aikin gas ne zai yi, kafinta ya tsaya a katakonsa. Gwajin yoyo da kumfar sabulu ake yi, duk wanda ya zaro ashana don gwaji ki nuna masa ƙofa. In kin ji wari kada ki taɓa makunni ko na kashewa ne, rufe tukunya, buɗe ƙofofi, kwashe yara waje.

Kuma inda kike girki na wucin gadi kafin a gama, kada ya zama ɗakin da kuke kwana.