Faifan Waje Yana Ɓacewa Yana Dawowa: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Na zana ƙaramin allon kwamfuta da kaina, yana aiki da Linux, na jona masa faifan ajiya mai juyawa, ɗan inci 2.5, ta USB. Wata rana ya wuni lafiya, wata rana ina tsakiyar kwafe fayil sai in ji ƙas-ƙas, faifan ya ɓace, ya dawo da sunan sdb maimakon sda. A wata kwamfutar ba ya haka. Na sa mitar auna wuta na ga bolt 5 cif. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Ƙarar nan da kake ji ta tsinken da ke karanta faifan ce, yana komawa mazauninsa saboda wuta ta gaza. Mita ba za ta nuna maka ba, domin faɗuwar wutar ba ta wuce 'yan milisakan, ita kuwa mita sau biyu ko uku take karantawa a sakan ɗaya.

Ga lissafin. Ƙa'idar USB 2.0 ta ba kowace kafa mA 500 (wato rabin amfiya), ta USB 3.0 kuma mA 900. Irin faifanka yakan ja kusan amfiya 1 lokacin da injinsa ke tashi. Kwamfutoci da yawa suna ba da fiye da abin da ƙa'ida ta ce, shi ya sa ya zauna lafiya a can, amma allonka abin da ka zana masa kawai zai bayar.

Fara da buɗe `dmesg -w`, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux kai tsaye, ka bar shi a buɗe har abin ya faru. In ka ga "over-current", to makunnin da ke tsaron VBUS, wato layin wutar bolt 5 na USB, shi ne ya yanke wutar. Duba lambarsa. Masu zane da yawa suna kwafo TPS2051B daga wani tsohon zane, alhali don mA 500 aka yi shi. Sauya shi da irin TPS2553 wanda rizista ɗaya ke saita iyakarsa, ka kai iyakar kusan amfiya 1.5. In kuwa fiyus mai farfaɗowa da kansa ka sa, ka sani yana ƙara turjiya idan ya ɗumama, wannan ne ma yakan sa allo ya yi lafiya da safe ya fara gardama bayan akwatin ya ɗauki zafi.

In babu wannan saƙo, ɗauko osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a fuskarta. Ɗora tsinken a ƙafar VBUS ta soket ɗin kanta, ka saita shi ya kama sau ɗaya idan wuta ta sauko ƙasa da bolt 4.6, sannan ka jona faifan. A bakin soket bai kamata ta gaza 4.75 ba. Idan ta nutse, duba kafasita: ƙa'idar USB 2.0 ta nemi aƙalla µF 120 mai ƙarancin ESR (turjiyar cikin kafasita) a kan VBUS na mai ba da wuta, kuma sau da yawa µF 10 kaɗai ake samu a allunan gida. Sa µF 150 ko 220 dab da soket, tare da ƙaramar nF 100.

Kada ka raina kebul. Silin waya mai lamba 28 AWG (ma'aunin kaurin waya) yana da turjiyar kusan ohm 0.21 a kowace mita, zuwa da dawowa 0.42 ke nan. A amfiya 1, da kebul mai tsawon mita ɗaya, ka yi asarar bolt 0.4 kafin wuta ta isa faifan. Nemi gajere, santimita 30 zuwa 50, mai silin wuta 24 AWG ko wanda ya fi shi kauri. Gwaji mafi sauƙi kuwa shi ne ka sa hob, wato na'urar raba kafar USB, mai adaftar wutarsa a tsakani. In matsalar ta ɗauke, an gama gardama, wuta ce.

Batun sda da sdb: rubuta UUID, lambar shaidar faifan da ba ta canzawa kamar suna, a `/etc/fstab` tare da `nofail` don allon ya tashi ko faifan ba ya nan, kuma ka gudanar da `fsck`, umarnin duba tsarin fayiloli da gyara shi, kafin ka ci gaba da rubutu a faifan da ya sha yankewa.

Tambaya: Nawa SSD ne, faifan da ba ya juyawa, a cikin akwatin USB 3.0, kuma ta hob mai wutarsa na jona. Idan rubutu ya yi yawa sai komai ya tsaya cak kamar rabin minti, sannan ya ci gaba.

Amsa: Rabin mintin nan alama ce mai kyau, domin sakan 30 ne Linux ke jiran umarnin SCSI, irin umarnin da yake aika wa faifai, kafin ya haƙura ya sake tayar da na'urar. Duba ko akwai `uas_eh_abort_handler` a dmesg. In akwai, IC ɗin da ke cikin akwatin ne ba ya jituwa da direban UAS, manhajar Linux mai sauri ta magana da faifan USB, abin da aka sani da wasu samfuran JMicron da ASMedia. `lsusb` zai ba ka lambobi biyu, misali 152d ga JMicron sai lambar samfurin. Ƙara `usb-storage.quirks=152d:xxxx:u` a layin tayar da kanel (zuciyar Linux), ka sa lambar taka a gurbin xxxx. Bayan ka sake kunnawa, `lsusb -t` ya nuna usb-storage a matsayin direba. Gudu zai ɗan ragu, amma gara haka da lalacewar bayanai.

Idan kuwa "error -71" kake gani, ko gudun faifan a `lsusb -t` yana saukowa daga 5000M na USB 3.0 zuwa 480M na USB 2.0, to ka koma kan zanen allon. Tagwayen layukan bayanai suna son ohm 90 a tsakaninsu, tsawonsu ɗaya, da shimfiɗar GND (layin ƙasa na wuta) marar yankewa a ƙarƙashinsu. Layukan aikawa na USB 3.0 suna buƙatar kafasita nF 100 a kan kowanne. Abin da aka fi mantawa shi ne dayod ɗin kariyar ESD, wato tartsatsin lantarkin da ke taruwa a jiki: wanda ya haura pF 0.5 yana dagula siginar Gb 5 ta USB 3.0, kuma ba zai kashe ta gaba ɗaya ba, sai dai ta riƙa aiki da wannan kebul ta ƙi wancan. Ka kuma girgiza filogin a hankali kana kallon dmesg, domin dalmar ƙafafun soket takan tsage ta yadda ido ba ya gani.

Tambaya: Nawa sai an bar shi ba aiki yake ɓacewa.

Amsa: Barcin tanadin wuta ne, wasu akwatunan ba sa farkawa daga gare shi. Sa `usbcore.autosuspend=-1` a layin kanel ka bar shi ya kwana. In ya wayi gari yana nan, sai ka mayar da saitin yadda yake, ka hana barcin ga wannan na'ura kaɗai ta hanyar rubuta `on` a fayil ɗinta na `power/control` da dokar udev, tsarin Linux mai kula da na'urorin da aka jona.